Jirgin da shi kansa ne bam ɗin: tambayoyi da amsoshi ga mutanen yankin Tafkin Chadi

Tun bayan harin da aka kai wa sansanin sojojin Kamaru a Wulgo, jihar Borno, a watan Maris 2025, maganar jirage marasa matuƙa ta shiga bakin kowa, daga teburin mai shayi a Kusuri har rumfunan kasuwar Marwa. Matsalar ita ce ana tara abubuwa iri-iri a kira su da suna ɗaya: na mai ɗaukar hoton biki, na sojoji mai leƙen asiri, da wanda ake gani a bidiyon Yukren yana faɗa wa tankar yaƙi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan na ƙarshen, wanda gidajen rediyo ke kira jirgin ƙunar baƙin wake.

Me ya raba shi da sauran jirage marasa matuƙa?

Komawa gida. Jirgin leƙen asiri yana tashi ya ɗauko hoto ya koma. Irin su Bayraktar TB2 na Turkiyya da Reaper na Amurka suna ɗaukar makami a ƙarƙashin fukafuki, su saki, su koma sansani a sake loda musu. Wannan kuwa ba a ƙera shi don ya dawo ba. Nakiyar tana cikin jikinsa, kyamara tana hancinsa, kuma tafiyarsa ɗaya ce.

Abin da ya raba shi da makami mai linzami shi ne jira. Kafin a harba makami mai linzami sai an san inda abin harin yake. Shi wannan ana iya tayar da shi tun ba a ga komai ba, ya je ya yi ta shawagi a saman wurin da ake zargi, har sai motar da ake nema ta fito daga ƙarƙashin bishiya, ko an kunna na'urar hango jirage. Sannan ya sunkuyo. A yawancin samfurorin, in mai sarrafa shi ya ga abin da bai gamsu da shi ba a daƙiƙun ƙarshe, yana iya karkatar da shi ya koma sama. Harsashin igwa ba ya ba ka wannan damar.

Yaya ake amfani da shi a fagen daga?

Mu ɗauki Switchblade 300 na kamfanin AeroVironment na Amurka. Nauyinsa wajen kilo 2 da rabi ne, yana naɗe cikin wani bututu da soja ɗaya zai saɓa a baya. Sojan zai kafa bututun a ƙasa, ya jingina shi kan 'yan ƙafafunsa, ya ja da baya. Ana dannawa sai jirgin ya fito da ƙarfi, fukafukansa su buɗe nan take, farfelar da ke bayansa ta kama juyawa da batir. Daga nan sojan ba ya ƙara kallon sama. Idonsa na kan ɗan allo a hannunsa, yana ganin abin da jirgin ke gani: hanya, katanga, inuwar mutum. Yana da kamar minti 15 da tazarar kilomita 10 kafin batir ya ƙare. In ya zaɓi abin hari, hoton zai yi ta girma a allon, ya girma, sai ya ɗauke. Ɗaukewar hoton ita ce fashewar.

Lancet na Rasha, wanda kamfanin ZALA ke ƙerawa, ya fi wannan girma, yana kai wajen kilomita 40, kuma galibi ba ya tafiya shi kaɗai. Wani jirgin leƙen asiri ne ke gano igwa ko motar harba makamai, ya tsaya a sama yana kallo, sannan a turo Lancet. Shi ya sa bidiyoyinsu kan zo da hoto biyu, na jirgin da ke faɗawa da na wanda ke kallo daga nesa.

Sabon ƙirƙira ne?

Ko kaɗan. Isra'ila ta ƙera Harpy tun shekarun 1980, aikinsa ɗaya: ya yi shawagi yana sauraron na'urar hango jirage ta abokan gaba, ana kunna ta ya bi siginar ya faɗa mata. Ƙanensa Harop, mai kyamara da nakiya fiye da kilo 20, yana iya yin sa'o'i a sama. Azarbaijan ta yi amfani da shi a Nagorno-Karabak a 2016, sannan a yaƙin kwana 44 na 2020, inda shi da TB2 suka yi wa makaman kariyar sama da tankokin Armeniya mummunar ɓarna. Daga wannan yaƙin ne janar-janar na duniya suka farga. Yaƙin Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 shi ya mayar da abin kayan yau da kullum.

Shahed na Iran da ake ta faɗa fa, shi ma irinsu ne?

'Yan jarida na sa shi cikinsu, amma aikinsa daban ne. Shahed-136 ba ya neman abin hari. Ana shigar masa da lambobin wurin tun yana ƙasa, ya bi tauraron ɗan'adam har ya isa, ya faɗa. Saboda haka ya fi dacewa da abin da ba ya motsi: tashar lantarki, rumbun mai, filin jirgin sama, gini. Yana ɗauke da nakiya wajen kilo 40 zuwa 50, yana cin tazara fiye da kilomita 1,000, amma ba shi da sauri, gudunsa bai kai kilomita 200 a sa'a ba. Injinsa na fetur ne, ƙararsa kamar ta tsohon babur, har mutanen Yukren suna gane shi da kunne tun kafin ya iso.

Rasha ta fara harba shi kan Yukren a Satumbar 2022, ta sa masa suna Geran-2, yanzu kuma tana ƙera nata a Alabuga da ke Tatarstan. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda ake jan 'yan mata daga ƙasashen Afirka ta tallace-tallacen intanet, da alkawarin karatu da aiki a Rasha, su je su tarar da kansu a masana'antar harhaɗa waɗannan jirage, wurin da Yukren ta sha kai wa hari. Duk uban da 'yarsa ta kawo masa irin wannan talla a waya, ya bincika da kyau kafin ya sa albarka.

Ɗan wannan abu zai iya fasa tankar yaƙi?

Ya danganta da abin da aka ɗora masa da inda ya sauka. Switchblade 300 na mutane ne da ƙananan motoci, tanka ba za ta ji shi ba. Babban wansa, Switchblade 600, an yi shi ne musamman don sulke. Sirrin shi ne tanka ta fi kauri a gaba, inda aka saba harbinta, samanta da bayanta kuma ba su kai haka ba, kuma daga sama jirgin ke zuwa. Abin da ya sa kake ganin tankokin Rasha da na Yukren sanye da kejin ƙarfe da raga ke nan, don nakiyar ta tashi kafin ta taɓa jiki.

Nawa ne kuɗinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, ko da yake ba ita aka fi yi ba. Masana na ƙiyasta Shahed ɗaya tsakanin dala 20,000 zuwa 50,000. Makami mai linzami na Patriot da za a iya kakkaɓo shi da shi ya haura dala miliyan 3. Ko an harbo shi, mai harbowar ne ya yi asara.

Akwai kuma na ƙasa da wannan. Ƙananan jiragen nan masu farfela huɗu, waɗanda mai sarrafawa ke tuƙawa sanye da tabarau yana ganin abin da kyamara ke gani, asalinsu na wasan tsere ne. A Yukren ana haɗa ɗaya a kan 'yan ɗaruruwan daloli, abin da bai kai kuɗin sabon babur a Garwa ba, a ɗaura masa nakiya, ya lalata motar da aka saya da miliyoyi. A da ƙasa mai arziki ce kaɗai ke iya kai hari daga sama, sai ta sayi jirgi, ta horar da matuƙi shekara da shekaru, ta gina filin sauka. Yanzu wannan ƙofar ta buɗe wa ƙungiyar da ba ta da ko tuta a Majalisar Ɗinkin Duniya. A ganina abin da ya sauya ke nan, ba ƙarfin fashewar ba.

To, ya iso yankinmu ne, ko labarin ƙasashen waje ne?

Ya iso, amma ba a siffar da ake nunawa a talabijin ba.

Sararin samaniyarmu ya daɗe da saba wa jirage marasa matuƙa. A Oktoban 2015 Amurka ta sanar da tura sojoji kimanin 300 zuwa Kamaru, suka zauna a Garwa da jiragen leƙen asiri don sa ido kan Boko Haram. Faransa ta fara ɗora wa Reaper ɗinta na Yamai makamai a ƙarshen 2019. Nijar da Mali da Burkina Faso da Najeriya sun sayi TB2, Chadi ma ta sayi jirage marasa matuƙa daga Turkiyya. Duk waɗannan na gwamnatoci ne, kuma masu komawa gida ne.

Sabon abin yana ɗaya ɓangaren. ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ta yi shekaru tana amfani da ƙananan jiragen kasuwa don leƙen sansanin soja kafin hari da ɗaukar bidiyon farfaganda. A Disambar 2024 aka ba da rahoton sun kai hari da jirage masu ɗauke da nakiya kan sansanin sojan Najeriya a Wajiroko, yankin Damboa. Bayan wata uku sai Wulgo, garin da ke cikin Borno dab da Fotokol, inda sojojin Kamaru ke zaune ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi. Ma'aikatar tsaron Kamaru ta ce sojoji 12 suka rasu, rahotanni da dama kuma suka ce an yi amfani da jirage marasa matuƙa a harin.

A lura, waɗannan ba Harop ba ne, ba Lancet ba ne. Kayan kasuwa ne aka sauya musu aiki, ba sa zuwa nesa, ba sa daɗewa a sama, abin da suke ɗauka kaɗan ne. Amma ga sansanin da ke da sojoji 'yan ƙalilan a bakin ruwa, wanda duk tsaronsa rami ne da tulin ƙasa da buhunan yashi, kaɗan ɗin ma ya isa. An gina irin waɗannan sansanoni ne don abokin gaban da zai zo ta ƙasa ko ta kwalekwale. Ba su da rufi. Nakiya ɗaya a kan ma'ajiyar harsashi ko a kan motar da ke ɗauke da babbar bindiga tana rikita kowa, a cikin rikicewar kuma mayaƙan ƙasa ke shigowa.

Duk da haka kada a manta da lissafi. Harin Bohoma na Maris 2020, wanda ya ci sojojin Chadi kusan 100, da na Barkaram a Oktoban 2024, wanda ya ci kimanin 40, mayaƙa ne da bindigogi suka afka wa sansani. Nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyin Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga har yanzu sun fi jirgin sama barazana ga mai tafiya kasuwa.

Ina da 'yan'uwa a Abeche da Adre. Yaƙin Sudan zai iya tsallakowa da waɗannan jirage?

Sudan ita ce inda aka fi amfani da su a kusa da mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sojan gwamnati da dakarun RSF masu yaƙi da shi duk suna harba su. A watan Mayun 2025 aka kwashe kwanaki ana kai wa Port Sudan hari, har da rumbunan mai da filin jirgin sama, alhali garin yana da nisan gaske daga fagen daga. A El Fasher, cikin Satumbar 2025, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masallaci lokacin sallar asuba, mutane da dama suka rasu. Garuruwan kan iyaka irin su Tine, da kwari kawai ya raba ɓangaren Chadi da na Sudan, su ne ke cikin haɗari na gaske, domin mai kallon allo ba ya ganin layin iyaka a ƙasa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi da naka.

Ana cewa ba ya kuskure. Zai iya bambanta ɗan ta'adda da talaka?

Ba ya kuskuren saiti, wannan gaskiya ne. In aka nuna masa mota, motar zai faɗa wa. Amma wa ke cikin motar? Wannan ba aikin jirgi ba ne, aikin mutumin da ke kallon allo ne da wanda ya ba shi labari.

Ka tsaya ka yi tunanin yadda rayuwarmu take daga sama. Babura goma a jere suna tafe cikin daji da sassafe: 'yan kasuwa ne da suka haɗu don tsoron hanya, ko mayaƙa ne? Makiyayi da sanda a saɓe a kafaɗa, hannaye biyu rataye a kanta, a hoton dare mai nuna zafin jiki kawai, me ya raba shi da mai bindiga? Masunta sun taru a tsibiri suna banda kifi, hayaƙi na tashi. Taron mutane da daddare a bayan gari. Mu da ke ƙasa mun san ɗaurin aure ne ko zikiri. Wanda ke zaune a sansani mai nisan kilomita da yawa, wataƙila ma bai taɓa taka yankin ba, ɗige-ɗige kawai yake gani suna motsi.

Ba hasashe nake yi ba. Ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, mutane aƙalla 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Wancan mai komawa gida ne, ba na ƙunar baƙin wake ba, amma idon ɗaya ne, kuma na ƙunar baƙin waken yana da wani ƙarin matsi: batir na ƙarewa, jirgin ba zai dawo ba, an riga an kashe kuɗinsa. Mai sarrafawa yana da 'yan mintoci ya yanke hukunci, zuciya kuma ba ta son asara.

Dokar yaƙi ba ta sauya don makami ya sauya ba. Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun wajabta bambanta mayaƙi da farar hula, da yin taka-tsantsan kafin hari. Mu kuma tun wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa mun san ba a taɓa mace da yaro da tsoho.

Gaskiya ne akwai wanda ke zaɓar mutum ya kashe ba tare da umarnin kowa ba?

Fasahar tana nan. Harpy ma tun asali da kansa yake bin sigina. Abin da ya tayar da ƙura shi ne rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya, wanda ya fito a Maris 2021, ya ambaci Kargu-2 na kamfanin STM na Turkiyya cikin makaman da suka bi mayaƙan Khalifa Haftar, kwamandan gabashin Libiya, masu ja da baya a 2020, ya kuma ce an tsara su su kai hari ba sai da haɗi da mai sarrafawa ba. Rahoton bai ce sun kashe wani a wannan yanayin ba, kuma har yau ana gardama a kai. A Oktoban 2023 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, da shugabar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya (ICRC), Mirjana Spoljaric, sun yi kira tare a kafa yarjejeniyar da za ta takaita irin waɗannan makamai. Abin da ke tura masu ƙerawa wannan hanya shi ne toshe sigina: in aka yanke jirgi daga mai shi, suna so ya ƙarasa aikin da kansa.

Yaya sojoji ke kare kansu?

Hanya ta farko ita ce toshe sigina, a cika iska da hayaniyar rediyo har jirgin ya daina jin mai shi ko ya ɓace wa tauraron ɗan'adam. Sai bindigogi masu saurin aman wuta, kamar Gepard na Jamus da ya yi suna a Yukren wajen kakkaɓo Shahed, sai ƙananan jiragen da ake turawa su yi karo da shi a sama. Sai kuma dabarun talaka, waɗanda sau da yawa su ne ke ceton rai: raga a saman rami, rarraba motoci maimakon tara su wuri ɗaya, ɓoye ma'ajiyar harsashi, sa mai gadi wanda aikinsa sauraron sama kawai.

Kowace kariya ana samo mata magani. Tun 2024 aka fara ganin jiragen da ke jan siririn zaren gilashi a bayansu, mai tsawon kilomita 10 ko fiye, umarni da hoto duk ta cikin zaren suke bi, saboda haka babu siginar da za a toshe. Akwai gonaki a gabashin Yukren da zaren ya lulluɓe su.

In sojojinmu suka samu da yawa, yaƙin zai ƙare?

A'a. Jirgi yana fasa mota, amma ba ya kwana a ƙauye ya hana a karɓi harajin kifi a hannun masunta, ba ya buɗe makaranta a Kolofata. Mali da Burkina Faso sun shekara da shekaru da jiragen Turkiyya, yaƙinsu bai ƙare ba.

Malam, ni direba ne a hanyar Marwa zuwa Kusuri. In na ji ƙararsa, ko na ga ya faɗi, me zan yi?

In ka ji ƙara a sama kana kusa da shingen soja ko ayarin motocinsu, ka ba da tazara, domin su ake nema ba kai ba. Kada ka tsaya ɗaukar bidiyo, kada fasinjoji su taru suna nuna sama da hannu. Wanda ke ƙasa ya shiga ƙarƙashin rufi mai ƙarfi ko ya kwanta a kwari, mutane su watse maimakon su dunƙule. In an kai hari a wani wuri, kada a ruga a cika wurin nan take, ana yawan turo na biyu bayan na farko.

Wanda ya faɗi bai fashe ba ya fi haɗari, domin yana kama da abin wasa. Kada a taɓa shi, kada a juya shi da sanda, kada a jefe shi, kada a kai shi gida don batir ko jan ƙarfen da ke ciki, kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan. A ja da baya sosai ta hanyar da aka zo, a sa alama daga nesa, a sanar da bulama ko lawan, ko 'yan sa-kai, ko jandarma mafi kusa. Yara masu kiwo su ne suka fi cin karo da irin wannan, su ya kamata a fara gaya wa.

Ina ɗaukar hoton biki da ɗan jirgina. Na daina ne?

Ba sai ka daina ba, amma zamanin ɗaga shi yadda ka ga dama ya wuce. Nemi izinin hukuma kafin ka tashe shi, ka riƙe takardar sayensa a jikinka, ka gaya wa mai unguwa da jami'an tsaron wurin rana da lokaci. Ka nisanci bariki, filin jirgin sama, gadar Ngeli da duk wani shingen bincike. A garuruwan kan iyaka irin su Fotokol da Amchide, gara ka bar shi a gida ka ɗauki hoton amarya daga ƙasa. Sojan da ke gadi ba shi da lokacin tantance naka da na wasu, kuma in an kama ka da shi a jaka kana tsallaka iyaka ba takarda, bayanin zai yi tsawo.